Aji mai yara sun haura ɗari, yaya ake riƙe shi in an ce a ajiye bulala?

Sabuwar Malama: Assalamu alaikum iyayena da yayyena malamai. Dan Allah shawara nake nema. An ba ni aji huɗu a wata firamaren gwamnati, yaran sun haura ɗari a rajista, benci bai kai rabinsu ba saura a ƙasa suke zaune har bakin ƙofa. Da na juya zan yi rubutu a allo shikenan ajin ya kaure, wannan ya tsunguli wannan, wancan ya ƙwace biron wancan, na baya kuma hirarsu kawai suke kamar ba ni a ajin. Ga shi hedimasta ya tara mu ya ce a ajiye bulala saboda wani uba ya kai ƙara ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Wlh kullum da dishewar murya nake komawa gida. Ku da kuka daɗe a aikin nan me kuke yi?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam Malama, barka da shigowa filin daga 😂 Ni dai gsky ba zan ɓoye miki ba, wanda ya ce a ajiye bulala a aji mai yara ɗari bai taɓa tsayawa gaban allo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba na ce ki illata ɗan mutane ba, amma tsumagiya ta zauna a kan tebur suna ganinta, ko ba ki taɓa kowa ba za ki ga bambanci.

Anti ta Nazare: Haba Malam, daga zuwanta za ka ɗora ta a kan tsumagiya. Malama ki fara da abu ɗaya tukuna, ki daina ihu. In kina ɗaga murya su ma ɗagawa za su yi, kuma su ɗari ne ke kaɗai ce, wa zai gaji? Ki samu wata alama da za ku saba da ita, ni tafi nake yi sau uku su amsa min da tafi sau uku su harɗe hannu, wasu malaman waƙa suke ja yara su amsa. Sati na farko za ki ga kamar wasa kike, amma in kin dage kullum iri ɗaya ba canji za su kama. Kuma kar ki fara magana sai an yi shiru, ko da zai ɗauke ki minti biyu kina tsaye kina kallonsu kawai.

Malamin Lissafi: Anti ku 'yan nazare ne ai, yaranki ko talatin ba su kai ba kuma a fanka suke zaune. Ki zo ki yi wa ɗan aji huɗu mai shekara sha huɗu tafi ki gani

Anti ta Nazare: Na koyar a ta gwamnati kafin in dawo nan Malam, ba daga sama na faɗo ba.

Baba Hedimasta (mai ritaya): 'Yata Malama, kafin mu shiga rigimar duka ko ba duka, tambaya ɗaya zan yi miki. Cikin yaran nan da ke zama a baya suna hira, nawa ne za su iya karanta abin da kika rubuta a allo? Ki je gobe ki gwada su ɗaya bayan ɗaya, ba wai su bi ki da baki ba, a'a ki nuna kalma da sanda ki ce karanta. Ina tabbatar miki za ki tarar da yawa daga cikinsu ko baƙaƙe ba su gama ganewa ba, an dai yi ta tura su gaba ne daga aji ɗaya zuwa biyu zuwa uku saboda ba a maimaita aji yanzu. To yaron da yake zaune tun takwas na safe ana Turanci a kansa, ana rubuta abin da bai san ko mene ne ba, me kike so ya yi da kansa? Dole ya tsunguli na kusa da shi. Mu a ce masa marar tarbiyya, alhali zaman banza muka ba shi. Abin da na gani a shekarun da na yi ina zagaya azuzuwa, mafi yawan rashin jin da ke cikin aji daga nan yake tasowa. Akwai tsagerun gaske, ban musa ba, amma ba su wuce ƙidaya a yatsu a kowane aji.

Sabuwar Malama: Baba wlh kamar kana ajin. Shekaranjiya na ce wani ya karanta min jimla ɗaya, sai ya karanto wadda na goge tun ɗazu, ashe haddacewa ya yi. Amma to yaya zan yi, ga manhaja an ce sai na gama ta kafin jarabawa, masu duba makarantu in sun zo littafin tsara darasi suke buɗewa su ga ko ina kan satin da ya kamata.

Baba Hedimasta (mai ritaya): Ki cika musu littafinsu yadda suke so, wannan ba a wasa da shi. Amma ki ware lokaci kullum, ko da rabin awa ne da safe, ki raba yaran gida-gida bisa abin da suka iya, kar ki duba shekarunsu: waɗanda ba su san baƙi ba, waɗanda suka san baƙi amma ba sa haɗa kalma, masu karanta kalma, sai masu karanta labari. Ki ba kowane rukuni aikin da ya yi daidai da shi, ki ɗauko masu karanta labarin ki sa su riƙa biya wa na ƙasa. Ba sabon abu ba ne, haka aka yi mana a makarantar allo. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, wani yana Nasi wani yana Sabbi wani ya yi nisa, gardi yana biya wa kolo, malam guda ɗaya kuma yana riƙe da tsangaya guda. Ba a taɓa cewa duk ku wanke allo rana ɗaya ba don kun shigo tare.

Malama Mai Horar da Malamai: Baba ranka ya daɗe, abin da ka faɗa shi ne ainihin tsarin da ake kira TaRL, wato koyar da yaro daidai matakin da yake. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da shi, su ma matsalarsu irin tamu ce, yara sun cika makaranta amma ɗan aji biyar ba ya iya karanta littafin aji biyu. An kawo shi Borno, kuma a Kano an gwada shi a Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin shirin KaLMA na bunƙasa karatu da lissafi. Da harshen gida ake fara karatun, ana zama a ƙasa a da'ira, ana rubutu da alli a daɓe, lissafi kuma da tsinke da ɗaurin tsinke goma-goma. Abin da malaman da suka yi shi suke yawan faɗa min, ban da karatun ma, shi ne ajin yana lafawa, saboda hannun kowa da abin yi. Su ma 'yan Bauchi da Sakkwato da suka yi Mu Karanta za su ba ku labari, darasin Hausa ne a aji ɗaya zuwa uku, malam ya yi, a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai.

Malamin Lissafi: Hajiya duk mun ji waɗannan a wokshop, an ba mu shinkafa da lemo da kuɗin mota mun dawo. Tsarin ilimi na ƙasa da kansa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare. Ina 35 ina 120? Ka raba yara 120 gida huɗu a ɗakin da ko wurin taka ƙafa babu, kafin su gama tashi su zauna an buga ƙararrawa. Dokar UBE ta 2004, wato ta ilimin matakin farko ga kowa, ta ce kowane yaro ya zo makaranta kyauta kuma dole, madalla, sun zo, amma ba a gina ajin ba ba a ɗauki malaman ba, sai a bar mu da su a kuma ce kar mu taɓa su.

Malama Mai Horar da Malamai: Ban ƙi ta taka ba Malam, cunkoson gaskiya ne kuma ba laifin malami ba ne. Amma a fitar da rukuni biyu gindin bishiya mana, ba dole sai cikin ɗaki ba. Kuma ka faɗa min tsakaninka da Allah, yaran da kake zanewa a farkon zango ba su ne dai kake zanewa a ƙarshen zango ba? In da tana gyarawa ai da sunayen sun canza.

Malamin Lissafi: 😅 wannan kuma Hajiya kin shigo min ta bayan gida. Amma sauran fa da suke gani suna shiga taitayinsu?

Ustaz na Islamiyya: Assalamu alaikum. Bari in sa baki ta ɓangaren addini don kullum in aka zo wannan magana sai a ce ai Musulunci ya ce a yi duka. Hadisin da ake kafa hujja da shi, wanda Abu Dawud ya ruwaito, a kan sallah yake: a umarci yaro da ita yana shekara bakwai, a dake shi a kanta yana shekara goma. Ku lura shekara uku ake yi ana umarni ana lallashi kafin a kai ga hannu. Mu kuwa yaro ɗan shekara shida ya kasa rubuta 8 mun ɗauko dorina. Nana A'isha ta ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba, Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara goma bai taɓa ce masa ko tir ba. Malamanmu na Malikiyya ma da suka halatta ladabtarwa sun sa mata iyaka, Ibnu Sahnun na Ƙairawan a littafinsa na ladubban malamai ya ce kar a wuce bulala uku sai da izinin uban yaro, kar a taɓa fuska ko kai, kuma kar malami ya yi duka don huce fushinsa. Ibnu Khaldun kuma a Muƙaddima ya yi babi guda a kan cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibi, tana koya masa ƙarya da munafunci, ya riƙa nuna abin da ba shi ne a ransa ba don gudun hannu. To a auna wannan da abin da muke gani, malami ya shigo da fushin gida ko na albashi ya jera aji guda ya zane.

Malamin Lissafi: Allah gafarta Malam ai ka ga ko a nan ba a ce haram ba ne, iyaka aka sa. Ni ma uku nake yi a tafin hannu.

Ustaz na Islamiyya: Ban ce haram ba ne. Na ce sharuɗɗan da aka gindaya, in za mu faɗi gaskiya, kaɗan ne cikinmu suke cika su, musamman na fushin nan.

Malam daga Maraɗi: Sannunku 'yan uwa na Najeriya, muna biye da ku daga nan. Mu a wajenmu abin da ya fi bulala ɓarna a da shi ne sambol. Wani ƙashi ne ko ƙoƙon kan dabba ake ratayawa yaron da aka kama yana Hausa a lakwal, shi kuma ya yi ta farauta har ya ji wani ya yi ya miƙa masa, wanda abin ya kwana a wuyansa shi ke shan hukunci. Sakamakon shi ne yara suka koyi yin gum, ajin shiru kamar ana ganewa alhali tsoron buɗe baki ne. Don haka Malama kar shiru ya ruɗe ki, ajin da ya yi tsit ba lallai ana koyo a cikinsa ba.

Anti ta Nazare: Mu ma muna da irinsa ai Malam, a ce an hana banakula, wato yin yaren gida a makaranta, monita ya rubuta sunanka a ci ka tara. Kuma wannan rubuta sunan masu surutun ma Malama ki kula da shi, monita yana zama ɗan sanda, abokinsa ba ya shiga takarda, wanda ya hana shi ƙuli-ƙuli lokacin tara kuwa sunansa har sau uku 😂 Gara ki raba muƙaman da yawa kina juya su duk sati, mai goge allo, mai raba littafi, mai kula da layi, shugaban kowane rukuni. Kuma babban tsageran ajin shi za ki fara ba wa muƙami, ki kira shi gefe ki ce na ga yaran nan suna jin maganarka ina so ka taimake ni. Yawancinsu so suke a san da su.

Maman Biyu: Ni ba malama ba ce, uwa ce, an saka ni a nan ne saboda ina kwamitin SBMC na unguwarmu, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta. Abu ɗaya nake roƙon malamai, dan girman Allah ku daina kiran yara daƙiƙi ko jaki a gaban aji. Ɗana ya sha bulala bai taɓa ƙin makaranta ba, amma ranar da aka tsayar da shi aka sa aji suka yi masa ihu don ya ci sifiri, sai da muka yi sati muna fama kafin ya koma, har yau kuma in ka ce lissafi sai ya ce shi ai ba ya ganewa. Ku kuna mantawa kafin a tashi, su ba sa mantawa.

Baba Hedimasta (mai ritaya): Hajiya kin yi gaskiya, Allah ya shirya mana su. Kuma kar a manta da yunwa. Yaro ya fito ba karin kumallo ba kuɗin tara, yarinya ta yi tallan koko tun asuba kafin ta zo, ta makara a tare ta a bakin get a sa ta tsallen kwaɗo, ta shigo aji ta kwanta barci a sake dukanta. Lokacin da Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a 2016 ai kowa ya ga yadda makarantu suka cika har ba wurin zama, wasu kuma da an ci abincin sai su sulale. Wannan ya nuna maka abin da ke cikin ran yaron da safe. Malama in kin ga mai yawan barci ko mai yawan faɗa, ki tambayi gidansu kafin ki yanke hukunci.

Sabuwar Malama: Na gode sosai wlh ina ta rubutawa. To maganar kyauta fa? Wata malama ta ce in riƙa sayen alawa da fensir ina ba wanda ya amsa tambaya, na fara amma albashin ba zai ɗauka ba, kuma yanzu da na yi tambaya sai su ce Anti akwai alawa?

Malama Mai Horar da Malamai: 😂 Kin gani da idonki kenan. An taɓa gwada wannan a Amurka a 1973, aka samu yara 'yan nazare masu son zane da kansu, aka yi wa wasu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu ba a yi musu alkawarin komai ba. Bayan kwanaki da aka ajiye kayan zanen ba kyauta, waɗanda aka yi wa alkawarin sai suka rage yi, sauran suka ci gaba abinsu. Ba wai kyauta haramun ba ce, amma kar ta zama ciniki. Ki bari sai ƙarshen wata ki ba da ita ba zato, kuma ga wanda ya fi matsawa gaba, don in na ɗaya za ki riƙa ba wa kullum yara biyar ɗin nan na gaba ne za su cinye, na baya sun san ba su da rabo sai su ƙara watsar da abin. Yabon baki ma ya wadatar in kin faɗi takamaiman abin da ya yi, ki ce jiya baƙi biyar ka sani yau ka kawo takwas, a tafa masa. Sai kuma sunaye, ki dage ki haddace su ko da zai ɗauke ki zango guda, yaron da kika kira da sunansa daban yake da wanda kika ce kai mai jar hula.

Wani abu kuma da ba ya cin ko sisi: in kin yi tambaya ki ɗan jira. Wata mai bincike Mary Budd Rowe ta auna ta ga yawancin malamai daƙiƙa ɗaya kacal suke jira kafin su amsa da kansu ko su nuna mai ɗaga hannu, da aka sa su jira daƙiƙa uku sai yaran da ba sa magana suka fara amsawa, amsoshin ma suka ƙara tsawo. Ni nakan ce kowa ya faɗa wa na kusa da shi amsar tukuna, sannan in zaɓi wanda zai faɗa, ba sai ya ɗaga hannu ba. Surutun da suke so su yi kin ba su shi kenan amma a kan darasi.

Malamin Lissafi: Wannan na faɗa wa na kusa da kai ɗin zan gwada, ya yi min. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min, yaron da ya zagi malami ko ya fasa wa wani kai da dutse fa? Tafi za a yi masa sau uku?

Baba Hedimasta (mai ritaya): A'a Malam, wannan ya wuce aji, na ofis ne. A kira uban, a zauna da shugaban PTA, in ta kama a dakatar da shi a dakatar, in ya yi ɓarna a biya. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki hukuncin mai fasa kai a ɗora wa mai surutu. Ka kafa doka huɗu ko biyar da su a farkon zango, su da kansu su faɗi hukuncin wanda ya karya, za ka sha mamaki nasu ya fi naka tsauri sai ka rage. Wanda ya zubar da shara ya share, wanda ya ɓata lokacin darasi ya biya da lokacin tararsa, kuma ɗan hedimasta da ɗan mai gadi hukunci ɗaya. Da sun ga ka ɗaga wa wani ƙafa sau ɗaya dokar ta mutu.

Malam daga Maraɗi: Baba wannan na kiran uba yana aiki a birni. A ƙauye da damina ka aika a kira uba sai ya ce to ya dawo gona dama ina buƙatarsa, ka rasa ɗalibin gaba ɗaya. Mu sai dai mu bi ta wajen maigari ko liman.

Maman Biyu: Ko ku kira uwar. Kullum uba ake nema alhali mu ne muke tashinsu da safe. Kuma kar sai yaro ya yi laifi za a neme mu, ranar da ya yi abin kirki ma a aiko mana da 'yar takarda mana.

Malamin Lissafi: Hajiya takarda ɗari da ashirin? Da wane biron 😂 Mu fa kanmu muna buƙatar wanda zai ƙarfafa mana gwiwa, ƙarin girma ya maƙale shekara da shekaru, allin ma wani lokaci da kuɗinmu muke saya. Tun da Kaduna ta yi wa malamai jarabawa a 2017 ta sallami sama da dubu ashirin kowa ya ɗauka duk malamin firamare bai san komai ba, yaran ma suna jin abin da ake faɗa a kanmu a gida.

Admin: Malamai a yi haƙuri, maganar albashi da ƙarin girma a kai ta ranar Asabar kamar yadda muka saba, yau a tsaya kan tambayar Malama.

Sabuwar Malama: Hajiya mai horarwa dan Allah gwajin da zan yi musu don in raba su rukuni, akwai takarda ta musamman ko ni zan haɗa?

Malama Mai Horar da Malamai: Ke za ki iya haɗawa yau da daddare. Takarda ɗaya, ki rubuta baƙaƙe goma, kalmomi goma masu sauƙi irin su gida, rana, tebur, sai gajerun jimloli huɗu, sai ɗan labari mai layi bakwai ko takwas, duk da Hausa. Ki fara yaro daga jimlolin, in ya wuce ki kai shi labari, in ya kasa ki sauko da shi kalma, in ya kasa ki sauko baƙi. Minti biyu zuwa uku kowane yaro, ki yi wa kamar ashirin a rana sauran suna kwafar aiki, kuma ki zauna da shi a gefe inda 'yan ajin ba sa jin karatunsa. Ki yi takardar kala biyu don na farko suna fita za su faɗa wa na baya abin da ke ciki.

Malamin Lissafi: Hajiya in akwai irinta ta lissafi a turo min ta akwatina, kar a sa a nan Anti ta gani 🙈

Anti ta Nazare: Na riga na gani Malam.